Sosan da ake sawa a ƙarƙashin kafet

Ɗan'uwa, ka tambaya ko soso mai kauri da laushi ne ya fi dacewa a ƙarƙashin kafet ɗin falo. A'a, nemi mai tauri, kaurinsa kamar milimita 8 zuwa 10. Danna shi da babban yatsa: in ya dawo nan take, ɗauka. In ramin ya tsaya, bar musu kayansu.

Ni mai laushin na fara sawa saboda daɗin takawa. Ba a jima ba kafet ya tattare a bakin ƙofa, ɗinkin ma ya soma buɗewa. Abin ya ci min rai ƙwarai. In kuma daɓen siminti ne mai danshi, fara shimfiɗa leda, don soso kan sha ruwa ya yi wari.