Tafiya Hutu Masar Alhali Ana Jiran Jikan Fari

Tambaya: Ni da maigidana mun daɗe muna shirin hutun mako biyu a Alƙahira, sai ga shi 'yata da ke aure a nan Sakkwato tana ɗauke da cikin fari, kuma ranar haihuwar da aka rubuta mata a katin awo ta faɗo mako uku bayan ranar dawowarmu. Wannan tazarar ta wadatar, ko in ɗage tafiyar?

Amsa: Hajiya, Allah ya sauke ta lafiya. A matsayina na ungozoma ba na ganin tazarar ta wadatar, kuma dalilin yana cikin yadda ake fitar da ranar. Ana ƙirga mako 40 ne, wato kwana 280, daga ranar da jinin al'adarta na ƙarshe ya fara, amma kusan mace ɗaya cikin ashirin ce kaɗai take haihuwa a wannan ranar, domin daga mako na 37 zuwa na 42 duk lokacin haihuwa ne. Ke nan ranar da za ki sauka gida ita ce ranar da cikin zai cika mako 37. Gaskiya ne cikin fari yakan zarce ranarsa, sai dai ba a gina tafiya a kan haka, balle idan ba ta yi hoton ciki a watanni ukun farko ba, tunda shi ya fi daidaita lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne makonnin da za ki yi ba kya nan. Hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ya fi kama masu cikin fari, kuma a ƙarshen ciki ya fi bayyana. Yarinya za ta iya tashi da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ta ga zobe ya matse mata yatsa saboda kumburi, ta yi shiru don kunyar surukai, alhali uwa kallo ɗaya za ta yi mata ta ce a ɗauko mota. Hikimar goyon ciki ke nan tun asali.

Shawarata ita ce ku matso da tafiyar ta yadda za ki dawo kafin ta shiga mako na 34, ko kuma ku bari sai an yi suna, an gama wankan jego, an yi arba'in. Idan tikitin da kuka yanka ana iya canza masa rana, kuɗin canjin bai kai na sabon tikitin gaggawa ba. Ki kuma tuna cewa daga Alƙahira sai kin sauka Kano ko Abuja kafin ki kamo hanyar Sakkwato. In za ku matso da ita, ki duba fasfonki ya kasance da saura wata shida aƙalla, sannan Masar tana neman katin rigakafin cutar shawara daga matafiyan Najeriya, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Idan kuwa tafiyar ba ta ɗaguwa, to kada ki bar komai a baki. Ki zauna da mijinta a tsayar da asibitin da za ta haihu, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko na mata da yara na Maryam Abacha, ko duk inda take awo, a san wanda zai tuƙa ta cikin dare da wanda zai ba da jini idan an buƙata. Ki damƙa ta a hannun gwaggo ko inna guda ɗaya wadda ta san da zamanta, ki kuma gargaɗe ta game da ruwan wanka mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa, saboda likitoci a Arewa sun daɗe suna danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. Idan kin dawo da mura ko tari daga hanya, ki haƙura da ɗaukar jaririn har sai kin warke.