Amsa ga mai neman inshorar sata ta keken lantarki a Ingila

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi keken lantarki na hawan duwatsu a kan fam 5,500, kana zaune a Manchester, kamfanonin da ka tuntuɓa suna neman wajen fam 40 a wata, kai kuma kana son inshora mai rahusa wadda za ta biya idan an sace shi.

Fam 40 a wata fam 480 ke nan a shekara, kusan kashi 9 cikin ɗari na kuɗin keken. Da nauyi, kuma akwai hanyoyin rage shi. Sai dai kafin ka bi araha, ka sani yawancin waɗanda ake hana wa diyya sun biya kuɗinsu daidai. Sharaɗin kwaɗo ko na wurin ajiya ne yake kayar da su. Saboda haka duk farashin da aka ba ka, ka buɗe takardar sharuɗɗan ka nemo waɗannan biyun tukuna, sannan ka duba kuɗi.

Ka fara da inshorar kayan gida idan kana da ita, ko da haya kake yi. Sau da yawa ita ce mafi arha, amma ba ta ɗaukar keke irin naka kai tsaye. Galibi suna da iyakar abin da za su biya a kan keke, 'yan ɗaruruwan fam, da wata iyakar a kan kowane kaya guda ɗaya, wadda ba ta kusa da 5,500. Dole ka kira su a rubuta keken da sunansa da kuɗinsa a cikin yarjejeniyar, kuma ka ce a haɗa da kariya ta wajen gida, domin asalin inshorar a bakin ƙofarka take tsayawa. Ka tambaye su baki da baki ko suna karɓar keke mai batir, don wasu suna lissafa shi cikin ababen hawa masu inji su cire shi. Wasu kuma ba za su karɓi mai tsada haka ba sam. Illar wannan hanya ita ce idan aka sace ka nemi diyya, rangwamen da kake samu na rashin neman diyya ya tafi, kuma za a rubuta abin a rumbun bayanan da kamfanonin inshora suke dubawa tare, inda yake zama shekara shida. Kuɗin inshorar gidan gaba ɗaya zai iya tashi shekaru a jere. Ka sa wannan a lissafi.

Hanya ta biyu ita ce kamfanonin da keke kawai suka sa a gaba, irin su Bikmo, Laka, Yellow Jersey, Cycleplan, Pedalsure da ETA. Sun fi tsada, amma yawanci suna haɗa faɗuwa da lalacewa, wanda ga mai hawan dutse ba ƙaramin abu ba ne: firam ɗin kabon da ya tsage ko injin da ya daki dutse zai ci kuɗi sosai. Ka nemi farashi daga aƙalla huɗu a rana ɗaya da bayanai iri ɗaya, domin bambancin da ke tsakaninsu a lambar unguwa guda yakan ba da mamaki. Shafukan kwatanta farashi ba su ɗauke da su duka, sai ka shiga na kowane. Laka tsarinta daban ne: a ƙarshen wata ake raba diyyar da aka biya a tsakanin mambobi, da iyakar da ba za a wuce ba a kanka. Idan za ka gwada ta da sauran, da wannan iyakar za ka gwada, kada ka ɗauki kuɗin watan da aka yi sa'a. Wasu 'yan'uwa suna ganin tsarin ya ɗan yi kama da takaful, wato inshorar Musulunci. Kamfanin dai ba na takaful ba ne, hukuncin kuma na malamai ne, sai ka kai musu takardar idan abin yana damunka.

Abubuwan da suke sauke farashi ba su da yawa. Na farko ekses, wato kason da za a cire daga diyyarka ka ɗauka da kanka. Idan ka ɗaga shi kuɗin wata zai sauka, amma ka duba ko adadi ne tsayayye ko kaso ne na diyyar. Kashi 10 cikin ɗari na 5,500 fam 550 ne, kashi 20 kuma 1,100. Kada ka zaɓi abin da ba za ka iya fitarwa a mako guda ba. Na biyu ka cire abin da ba ka buƙata: tsere, fita ƙasashen waje, kayan sawa, hayar keke na wucin gadi. Kariyar ɓarnar da ka yi wa wani ma, idan kai mamba ne na ƙungiyar masu keke ta Cycling UK tana cikin kuɗin mambarka har fam miliyan 10, ba sai ka saya sau biyu ba. Na uku ka biya na shekara gaba ɗaya idan da hali, don wasu suna ɗora ruwa a kan biyan wata-wata. Na huɗu wurin kwanan keken. Cikin ɗaki ya fi gareji, gareji ya fi rumfar katako ta bayan gida.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne rage darajar keken a takarda. Ka rubuta 4,000 don kuɗi ya sauka, ranar da aka sace 4,000 ce iyakarka, wasu ma sai sun ƙara zaftarewa daidai da gibin da ka bari. Ka rubuta kuɗin sabo na yau, ka ƙara duk abin da ka canja: feda, wili, birki, batir na biyu, har kwaɗon kansa. Haka nan kada ka ce yana kwana a ɗaki alhali a rumfa yake. Dokar 2012 ta bayanan da mai sayen inshora yake bayarwa ta ba kamfani damar soke yarjejeniyar ya ƙi biya idan ƙaryar da gangan ce, ya kuma riƙe kuɗin da ka riga ka zuba.

Yanzu kwaɗo, inda aka fi faɗuwa. Kusan duk kamfanonin da matakan Sold Secure suke aiki, wato cibiyar da ke gwada ƙarfin kwaɗo ta ba shi shaida: Bronze, Silver, Gold, Diamond, daga ƙarami zuwa babba. Ga keke mai tsadar naka Gold ne mafi ƙaranci, wasu kuma Diamond suke so. Ka lura Sold Secure tana da rukunin keken feda da rukunin masu inji daban, ka tabbatar wanne takardarka ta ambata. Kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa, ka duba sunan kwaɗon da lambar samfurinsa a jerin Sold Secure ɗin da kanka, ka adana rasidin. Ga tarkon da yake kama mutane da yawa: kwaɗo mai siffar U yakan zo da wata igiyar waya a kwali ɗaya. Matakin Gold na ƙarfen ne kaɗai. Idan ka zagaya igiyar a jikin turke ka maƙale ta da ƙarfen, a wurin kamfani ba ka kulle ba. Dole ƙarfen ya ratsa firam, ya kuma ratsa abin da ba ya motsi, wanda ba za a iya ɗaga keken a zare ta samansa ba, ba kuma a kwance shi da sifana ba. Kulle taya kaɗai ba kullewa ba ne. Keken dutse mai batir firam ɗinsa yana da kauri, ƙaramin U ba zai shiga ba, don haka ka auna kafin ka saya, ko ka ratsa ta kusurwar baya ta firam.

Ɓarayin yanzu injin yankan ƙarfe mai batir suke yawo da shi, kuma Gold na gama-gari ba ya jimawa a gabansa. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don cinye faifan injin, kamar Litelok X1 da Hiplok D1000. Da tsada da nauyi, amma a kan keken fam 5,500 ni ina ganin sun cancanta.

A gida kuma sharaɗin ya danganta da inda yake. A cikin ɗakinka mai kulle, yawanci abin da suke nema shaidar an fasa an shiga ne. Idan ƙofa a buɗe aka bari, ko taga, babu diyya. A gareji ko rumfa sukan faɗi irin makullin da ƙofar za ta ɗauka, da yawa kuma suna so keken ya kasance a ɗaure a ciki da abin da ba ya motsi. Maganin wannan zoben ƙarfe ne da ake dasawa a siminti ko a bangon bulo, shi ma mai shaidar Sold Secure, da sarƙa mai kauri. Kada ka dasa shi a katakon rumfa, za a ɓalle shi da katakon. Idan fulat kake, mashigin da kowa yake bi da ɗakin ajiye kekuna na gini yawanci ana ɗaukarsu kamar waje ne: cikakken kwaɗo, wani lokaci har da iyakar awoyi. Gidan haɗaka kuma, ka tambaya ko sai ɗakinka na da makullinsa.

Maganar awoyi, kowace takarda tana da adadin lokacin da za ka bar keke a waje ba kowa. Wasu 12, wasu 18, wasu 24, tashar jirgin ƙasa kuma wani lokaci da nata dokar. Ya wuce da minti talatin, sun sami hujja.

Tunda na dutse ne, mota za ta riƙa ɗaukarsa zuwa wuraren hawan keken dutse irin Llandegla ko Gisburn Forest, kuma a nan sharuɗɗan suka fi tsauri. A cikin mota sukan so a kulle ta, keken a ɓoye ba a hango shi ta gilashi, a kuma ga alamar fasawa. Wasu ba sa biya idan a motar ya kwana. A kan marataya ta bayan mota, ɗan makullin da ya zo da ita ba ya cikin lissafi, sai ka ɗaure firam da kwaɗonka mai shaida. Haka wurin shan shayi bayan an sauko: ka jingine shi a bango ka shiga layi, wannan barin keke ne ba kowa, ko da kana hango shi ta taga. Ka tambayi kamfanin tazarar da suke nufi da kasancewa tare da keke, su rubuto maka. Ka kuma ɓoye farkon tafiyarka da ƙarshenta a Strava, manhajar da ke nuna hanyar da ka bi da keke, don kada taswirar ta nuna ƙofar gidanka.

Batir ka yi masa tambaya ta musamman. Sabonsa ɗaruruwan fam ne, kuma wasu kamfanonin ba sa biyan batir ko allon kan keke idan su kaɗai aka zare, sai an nuna an fasa makullinsu. Idan naka mai cirewa ne, ka tafi da shi ciki. Na'urar bibiya ko kulle injin ta manhaja, irin na Bosch, suna taimakawa wajen gano keke da rage masa daraja a hannun ɓarawo, amma ba sa maye gurbin kwaɗo a sharaɗi.

Abu biyu suna kashe inshorar gaba ɗaya. Doka a Birtaniya ta ce injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako a mil 15.5 cikin awa, wato kilomita 25. Ka sa masa na'urar cire wannan iyaka, ya koma babur a idon doka, inshorar keke ba ta san da shi ba. Na biyu aikin kai abinci irin Deliveroo ko Uber Eats: inshorar gama-gari ba ta ɗaukar sana'a, ko sau ɗaya a mako ne. Idan kuma ta tsarin Cycle to Work ka same shi, wato wanda wurin aikinka yake ba ka keken haya ana cirewa daga albashi, a lokacin hayar ba kai ne mai shi a takarda ba, amma asarar a wuyanka take, za ka ci gaba da biya ko an sace. Ka faɗa wa kamfanin tun farko. Masu tunanin sayen kariyar da ta haɗa da ƙasashen waje don kai keken gida hutu kuma, jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da ya wuce wat-awa 160, naka kuwa zai kai 500 zuwa 750.

Ka duba yadda za su biya. Sabo a madadin tsoho wasu shekara uku kawai suke yinsa daga ranar saye, daga nan su fara cire kuɗin tsufa. Wasu ba su da iyaka. Keken da aka saya na hannu yawanci kuɗin da ka biya ko darajar kasuwa ne. Wasu kuma ba kuɗi za su ba ka ba, keke za su kawo ta dillalinsu.

Yau ɗin nan ka ɗauki hoton lambar firam. A keken lantarki ba lallai ta kasance ƙarƙashin feda ba tunda inji ya cike wurin, ka duba kusa da injin ko ƙasan bututun firam. Ka ɗauki lambar injin da ta batir, da hoton keken ta kowane gefe, da na kwaɗon tare da makullansa duka. Ka yi rajista a BikeRegister, rumbun rajistar kekuna na intanet, kyauta ce, 'yan sanda kuma suna duba ta. Rasidai ka tura wa kanka ta imel. Duk lokacin da ka kulle a waje ka ɗauki hoto, daƙiƙa biyar ne, kuma shi ne shaidarka idan ɓarawo ya tafi da kwaɗon.

Idan ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, ka kai wa 'yan sanda rahoto ta lambar waya 101 ko ta intanet a ranar, ka karɓi lambar rahoton, don da yawa awa 24 suke bayarwa. A tashar jirgin ƙasa 'yan sandan sufuri ne, ana tura musu saƙo ta 61016. Ka tsince guntayen kwaɗon, ka ɗauki hoton ƙofar da aka fasa kafin a gyara, ka sa alamar sata a BikeRegister. Idan kamfanin ya ƙi biya kana ganin ba daidai ba, ka rubuta musu koke. Suna da mako takwas su ba da amsar ƙarshe, daga nan kana da wata shida ka kai wa Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi, kuma ba a biyan ko kwabo. Duk kamfanin da ka zaɓa ma, kana da kwana 14 na fasawa bayan ka saya, sai ka yi amfani da su ka tura musu hoton kwaɗonka da na wurin ajiyarka, su amsa maka a rubuce cewa sun cika sharaɗi.