Apache yana mutuwa, shafin PHP kuma fari fat: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina haɗa shafin intanet na aikin kammala karatuna da XAMPP (manhajar da ta haɗa Apache mai buɗe shafi, PHP mai gudanar da shi, da MySQL mai ajiye bayanai) a kwamfuta mai Windows. Wani lokacin da na danna Start sai Apache ya mutu, ya rubuto "Apache shutdown unexpectedly". In ya tashi kuma, shafina fari fat yake fitowa. Jiya da aka ɗauke wuta, MySQL ma ya ƙi tashi. In goge komai in sake sakawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka goge komai tukuna. Ita kwamfutar ta riga ta rubuta abin da ke damunta, karantawa kawai ya rage. Buɗe C:\xampp\apache\logs\error.log ka duba layukan ƙarshe.

Yawanci Apache na mutuwa ne saboda wata manhaja ta riga shi kama ƙofa mai lamba 80 ko 443. Buɗe Command Prompt ka rubuta netstat -ano | findstr :80, lambar da ke ƙarshen layi za ta nuna maka mai riƙe da ita. In ka ga 4, Windows ne da kansa, galibi ta hanyar IIS, manhajar Microsoft mai irin aikin Apache. Mafi sauƙi, ka shiga httpd.conf ka mai da Listen 80 zuwa Listen 8080, daga nan ka riƙa buɗe localhost:8080.

Farin shafi kuwa, PHP ya ci karo da kuskure amma an hana shi faɗa. A php.ini ka sa display_errors=On da error_reporting=E_ALL, sannan ka tsayar da Apache ka sake kunna shi, in ba haka ba gyaran ba zai kama ba. Ɗalibai da yawa suna sa layin ini_set don nuna kuskure a saman fayil ɗin shafin, su ga babu abin da ya sauya. Dalili shi ne, in ka manta alamar ; ko baka guda, PHP ba zai ma fara gudanar da fayil ɗin ba, balle ya kai ga wancan layin. Kuma ranar da za ka ɗora shafin a intanet, ka mai da display_errors zuwa Off, kada baƙo ya ga sirrin gidanka.

MySQL ɗin ne ya fi damuna, don a nan guminka yake. Mai yiwuwa wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, wasu fayiloli suka lalace. Kafin ka taɓa komai, kwafi dukan jakar C:\xampp\mysql\data zuwa filashi, sannan ka karanta mysql_error.log da ke ciki. Za ka ji masu cewa ka goge fayil ɗin ibdata1. Don Allah kada ka yi. Bayanan da InnoDB, injin ajiyar MySQL, ke gane teburanka da su suna cikinsa, in ya tafi za ka ga sunayen teburan amma ba za su buɗu ba. In rahoton ya ambaci InnoDB, ka ƙara innodb_force_recovery=1 a ƙarƙashin sashen mysqld na my.ini, ka kunna, ka fitar da bayananka ta Export a phpMyAdmin, shafin sarrafa MySQL, sannan ka cire layin.

Daga yau, ka riƙa danna Stop kafin ka kashe kwamfutar, musamman in batirinta ba ya riƙe caji. In ya ƙi tashi duk da haka, turo min layukan ƙarshe na mysql_error.log mu duba tare.