Hukuncin Kai Rahoton Ɗan da Ya Kulle Mahaifiyarsa a Ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a wata ƙaramar hukuma. Maƙwabta suka kawo mana labarin wata tsohuwa da gigin tsufa ya kama, ɗanta ya kulle ta a ɗakin baya. Da na je sai na tarar da kwaɗo a ƙofa, ɗakin ba taga, tabarmarta sharkaf da fitsari, tuwon jiya ya bushe a kwano, ga gyambo a ƙugunta. Shi ke karɓar fanshonta da kuɗin hayar gidanta. Ya ce zuwan da na yi leƙen asiri ne, in kuma na kai maganar gaba na tona asirin Musulmi. Abin ya hana ni barci. Ina da laifi in na rubuta rahoto?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ba ki da laifi. In har abin da kika faɗa haka yake, rubuta rahoton wajibi ne a kanki, barinsa ne zunubi.

Hadisin da yake kafa miki hujja da shi ingantacce ne: wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa. Wurin da ya ajiye shi ne ba daidai ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa suturar da ake so ita ce ta saɓon da aka riga aka yi ya wuce. Wanda aka tarar ana cikin aikata shi kuwa, dole ne a hanzarta hana shi, wanda ya kasa kuma ya kai wa mai iko. Wannan baiwar Allah yau ma a kulle ta kwana. Ita ma Musulma ce, kuma asirinta ne a tone tun da aka bar ta cikin najasa, ba mai wanke ta. Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ina ga uwa, wadda Allah Ya hana a ce mata ko da "tir" a aya ta 23 ta Suratul Isra'i?

A mazhabarmu ta Malikiyya maganar ta ma fi haka nauyi. Shehu Khalil ya kawo a Mukhtasar cewa wanda yake da ikon ceton rai ko dukiya daga halaka ya ƙi yi, akwai lamuni a kansa, wato biyan abin da ya halaka. Ke kuwa an ɗauke ki aiki ne musamman don wannan, albashinki a kansa ake biyan ki. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Har yau in na tuna nakan tambayi kaina, mutum nawa ne suka san da gidan suka ja bakinsu suka yi shiru?

Batun leƙen asiri, Suratul Hujurati ta hana shi, amma abin nufi bin diddigin laifin mutane bisa zato. Babban malamin fiƙihu Imamu Mawardi ya keɓe halin da amintacce ya kawo labarin cutarwar da in an yi jinkiri ba za a iya gyara ta ba, ya ce a nan bincike ya halatta. Ki dai yi sallama, ki nemi izinin shiga. In an hana ki, ki dawo da mai unguwa ko jami'an da doka ta ba ikon shiga. Rahoton ma ba yi da mutum ba ne, domin neman taimako don kawar da ɓarna yana cikin wurare shida da malamai suka halatta ambaton aibin mutum.

Sai dai ina ja miki kunne a kan abu biyu. Jinyar mai gigin tsufa aiki ne mai karya ƙarfi. Takan fita tsakar dare ta ɓata, takan kunna wuta ta manta, takan zagi mai ba ta abinci. Rufe ƙofar gida don kada ta fita ta shiga hatsari ba zalunci ba ne, matuƙar ana ciyar da ita, ana tsabtace ta, ana zama da ita. Wani ɗan ba mugu ba ne, gajiya da rashin sani suka yi masa yawa. Don haka ki rubuta abin da idonki ya gani kawai, ki bambanta shi da abin da maƙwabta suka ce, kada ki yanke hukunci a kan zuciyarsa. Na biyu, kada hotonta ya fita zuwa Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako. Wannan shi ne ainihin tonon asirin da aka haramta.

Dukiyarta kuma tata ce. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a ciyar da masu raunin hankali, a tufatar da su daga dukiyarsu, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Duk abin da ɗan ya ci ba bisa haƙƙi ba bashi ne a wuyansa, kuma alƙali na da ikon karɓe kulawar daga hannunsa ya damƙa wa amintacce cikin dangi.

Kafin komai a kai ta asibiti yau, domin irin wannan gyambo na kwanciya yakan ci har ƙashi. Bayan nan ki miƙa rahoto ga shugabanki, a tara 'ya'yanta da 'yan'uwanta gaban mai unguwa da liman a raba jinya. In ɗan ya ƙi, a tafi kotu.

Wallahu a'alam.