Ƙaton kare ko kwikwiyo: wanne za a saya don gida?

Wani magidanci daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ya rubuto cewa yana neman karen gadi, kuma an yi masa tayin wani ƙato da ya shekara biyu a ɗaure, wanda mai shi ke yabo da cewa ba ya barin kowa ya matso. Gidan akwai yara ƙanana da awaki. Ya saye shi, ko ya nemi kwikwiyo?

Malam, ka nemi kwikwiyo. Abin da mai karen ke kira zafi, sau da yawa tsoro ne, domin karen da ya girma a turke bai san mutane ba, kuma ba zai bambance ɓarawo da almajirin da ya leƙo zaure da ƙoƙonsa ba. Raina ba ya kwanciya da irin wannan kare a tsakar gidan da yaro ke rarrafe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyantakar kare gajera ce: daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne yake karɓar sabon abu ba tare da firgita ba. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, saboda a wasa da ƴan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Ka je da kanka ka ga uwar. In ta fito ta shinshina hannunka tana kaɗa wutsiya, alama ce mai kyau. Kwikwiyon da ya maƙale a lungu yana rawar jiki kuwa, ka bar shi, ko da an rage maka kuɗi.

Da ya zo gida, a gabatar masa da komai sannu a hankali: mai rawani, mace mai hijabi, ƙarar kabu-kabu, amalanken jaki, da jar akuyar nan tamu ta Maraɗi, wadda ya kamata ya fara gani daga nesa kana riƙe da igiyarsa. Duk lokacin da ya natsu, a ba shi ɗan guntun nama. In ya ja da baya, kada a tilasta masa, kada kuma a doke shi. Yara ma sai an koya musu kada su ja masa kunne ko su taɓa shi yana cin abinci.

Kafin ka fita da shi titi, ka kai shi wurin likitan dabbobi. Ana fara allurar rigakafin cututtukan kwikwiyo tun yana mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma yana wata 3, ita ce wadda ba a wasa da ita, domin in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Game da sayayya, abin wuya mai laushi da igiya mai tsawon mita biyu sun wadatar, sai kwanon ruwa a inuwa saboda zafin bazara.