Tambaya da Amsa: Yadda ake ba da makin adon gida a wasan Animal Crossing

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya kawo wa yarana tsarabar na'urar wasa ta Nintendo Switch, kuma a cikinta akwai wasan Animal Crossing: New Horizons, wanda ɗiyata 'yar shekara 12 ta fi kowa so. Tana daɗewa tana gyaran gidanta na cikin wasan, kuma ni kaina da na leƙa na ga ɗakin ya yi kyau, domin ta shimfiɗa darduma a tsakiya, ta jera matasai a gefe, ta bar fili kamar yadda take ganin falonmu. Amma duk ranar Lahadi sai wasiƙa ta zo mata da darajar B, alhali ɗan yayata da ke zaune wurinmu, wanda ya cusa kaya a nasa gidan har babu wurin sa ƙafa, yana samun S. Abin ya dame ta har ta ce za ta kwashe kayanta ta kwaikwayi nasa. Shin da wane ma'auni ake ba da makin nan? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran nan ya yi musu albarka. Kafin komai ina roƙon ki hana ɗiyarmu kwashe kayan ɗakinta, domin wasiƙar da ke zo mata ranar Lahadi ba ta ga abin da kika gani ba, kuma ba a ƙera ta yadda za ta iya gani ba.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fara fitar da wasan nan a shekarar 2001, sannan fitowar da ke hannun yaranki ta zo kasuwa ranar 20 ga Maris, 2020, daidai lokacin kullen korona, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Ɗan wasa yana fara zama ne a tanti a wani tsibiri, sai mai kula da gine-gine, Tom Nook, ya gina masa gida bashi a kan kuɗin wasan da ake kira bel. Daga ranar da mutum ya bar tanti ya tare a gida, wata ƙungiya ta cikin wasan mai suna Happy Home Academy take fara duba gidansa, kuma ita ce ke aiko da sakamako kowace Lahadi, da maki da kuma daraja: B ce ƙarama, A matsakaiciya, S kuma ita ce ta ƙoli. Nintendo bai wallafa cikakken lissafin ba, amma masu sha'awar wasan da suka tona tsarinsa na kwamfuta sun fito da shi fili, kuma da zarar an gane shi, mamakin da kike yi zai kau.

Kowane kaya a wasan, daga gado har kofin shayi, yana ɗauke da bayanai a ɓoye waɗanda ɗan wasa ba ya gani a jikinsa. An rubuta masa makinsa na asali, da launinsa guda ɗaya ko biyu, da zubin da ya fito daga ciki idan yana da shi, da saitin da yake cikawa, da kuma irin wurin da ya dace da shi, ko kicin ne, ko banɗaki, ko ofis, ko ɗakin yara. Idan Lahadi ta yi, abin da wasan ke yi shi ne ya bi ɗaki ɗaki yana ƙidaya waɗannan bayanai yana tarawa. Tazarar da ke tsakanin kujera da tebur, da yadda haske ke sauka a kan darduma, da filin da ɗiyarki ta bari don mutum ya sami wurin zama, duk ba su da gurbi a cikin lissafin. Tun da kowane kaya yana zuwa da makinsa, ɗakin da aka cika maƙil ya riga ya sha gaban ɗakin da aka bar wa sarari tun kafin a zo maganar dacewa, kuma a nan ne ɗan yayarki ya fara yi mata fintinkau.

Babban makin kuwa yana fitowa ne daga dacewar kaya da juna bisa ga waɗancan bayanai na ɓoye. Akwai kayan da aka ƙera zubi ɗaya, misali gado da kabad da tebur da fitila duk na saƙar kara, ko waɗanda ɗan wasa ke haɗawa da hannunsa da katako da ƙarfe. Idan aka tara aƙalla guda huɗu mabambanta na zubi ɗaya a ɗaki ɗaya, wasan yana ba da ƙari mai tsoka, kuma ƙarin yana hauhawa da kowane sabon kaya na wannan zubin, amma kujera iri ɗaya guda biyar ba za ta tsaya a matsayin kaya biyar ba. Saiti kuma ƙaramin rukuni ne na kayan da aka yi don su zauna tare, kuma shi sai ya cika cif ake ba da ladansa. Sai launi: idan kashi 70 cikin 100 na kayan ɗaki suka zo launi ɗaya akwai ƙari, idan kuwa suka kai kashi 90 ƙarin yana ninkawa sosai. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin launin da ido ke gani ba lallai ne ya zama shi aka rubuta wa kayan ba. Kabad ɗin da kike gani ja yana iya kasancewa an rubuta shi ruwan ƙasa, kuma rubutun ne ake ƙirgawa.

Ke da kika sha zuwa jeren amare kin san irin gwaggon nan da take shiga ɗaki ba ta ko ɗaga kai ta dubi labule, sai ta nufi kabad kai tsaye tana ƙirga saitin samira daga babbar har ƙaramar, ta ɗaga murfi ta duba ko na ainihi ne ko an aro daga wani saitin, idan ta tarar da tasa ɗaya da zanenta ya bambanta ta ce jere bai cika ba. Ba za ta taɓa gaya miki ko ɗakin yana da daɗin zama ba, domin ba shi ta zo dubawa ba. To, aikin wannan gwaggo ne wasiƙar Lahadi ke yi, ke kuma da kika leƙa ɗakin ɗiyarki kika yaba, da idon wanda zai zauna a ciki kika duba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata ta duba yau ɗin nan. Wasan yana ba da ƙari ga gidan da ke da kayan buƙata na yau da kullum, wato gado da tebur da kujera da wurin ajiye tufafi, saboda haka falon da aka shirya irin namu na zaman ƙasa yana iya rasa wannan idan babu su a wani ɗakin. Yana kuma rage maki idan kaya mai fuska, kamar kabad ko talabijin, ya juya yana kallon bango yadda ba za a iya amfani da shi ba, haka nan idan an bar shara a ɗaki, irin gwangwani da tsohon takalmi da tsohuwar taya da ake kamowa da ƙugiya wajen kamun kifi. Yara kan kuma jefar da kaya a ƙasa maimakon su girke shi a mazauninsa, sai ya zauna a siffar ganye, kuma wannan ba a ɗaukarsa ado.

Shawarata ita ce a raba aiki. Makin da ake aikowa jimillar ɗakunan gidan ce gaba ɗaya, kuma gidan yana iya kaiwa ɗaki shida: falo, da ɗakin baya, da na hagu, da na dama, da bene, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta ware ɗaki ɗaya ko biyu ta cika su da zubi ɗaya da launi ɗaya, tana amfani da teburin sana'a na cikin wasan wajen sauya wa kayan fenti inda hakan zai yiwu, makin zai tashi daga can, falonta kuma ya zauna yadda ranta ke so. Ina faɗin haka da ƙarfi saboda na fi damuwa da yarinyar da ta iya barin fili a ɗaki tun tana 'yar shekara 12 fiye da harafin da ke kan takarda. Manya da yawa ba su iya wannan ba, kuma zai zama asara idan lissafin kwamfuta ya koya mata cewa idonta ne ke da matsala. Ladan makin ma bai wuce kayan rataya da na girkewa ba: tuta idan an kai 10,000, sai alluna na tagulla da azurfa da zinariya, sai kofuna, har zuwa kofin zinariya a kan maki 150,000. Babu wani sashe na wasan da ke rufe wa mai darajar B.

Idan kuma ƙanenki zai ƙara yi musu alheri, akwai ƙarin wasan da ake saye daban mai suna Happy Home Paradise, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2021. A can ɗan wasa yana tsara wa dabbobin wasan gidajen hutu, kowa ya kawo 'yan kayan da yake so lallai a sa masa, sauran kuma a bar wa mai tsarawa, ba tare da an ba shi B ko S ba. Ina ganin ya fi dacewa da irin baiwarta.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ina da darajar S, sai na biya bashi aka ƙara mini ɗaki, daga nan jarrabawa ta sa na ajiye wasan na tsawon lokaci. Da na dawo sai na tarar na koma A, ga kyankyasai suna yawo a gidan. Me ya jawo haka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Abu biyu ne suka haɗu maka. Makin da ake buƙata don samun S yana ƙaruwa duk lokacin da gida ya ƙara girma, har ya kai 90,000 ga wanda ya kammala gininsa da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda bashinsa kaɗai bel 2,498,000 ne. Don haka sabon ɗakin da ka bari wayam ya ɗaga maka ma'auni bai kawo ko maki ɗaya ba. Kyankyasai kuwa suna shiga gidan da aka daɗe ba a leƙa ba, tun da wasan yana tafiya ne da agogo da kalandar gaske ko kana nan ko ba ka nan, kuma suna cikin abubuwan da suka fi rage maki. Ka bi su ka tattake a kowane ɗaki, ka zuba kaya a sabon ɗakin, sannan ka jira Lahadi mai zuwa, domin ba a sake lissafi a tsakiyar mako.

Tambaya: Malam, na ji yarona yana cewa sai ya ajiye jan kaya a gabas da rawaya a yamma domin ya sami sa'a a wasan nan. Hankalina bai kwanta da maganar ba, kuma ina tsoron kada ya tashi da camfi. Daga wani mahaifi a Runjin Sambo.

Amsa: Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma na ji daɗi da kake sauraron abin da yaron ke faɗa yayin da yake wasa. Abin da ya ji ya samo asali ne daga fenshuwi, wata tsohuwar al'adar mutanen Sin ta tsara gida bisa imanin cewa mazaunin kaya yana jawo alheri ko akasinsa. Masu ƙera wasan sun ɗauko ɓangare kaɗan daga ciki suka mayar da shi ƙa'idar maki: jan kaya a gefen gabas, kore a kudu, rawaya a yamma. A falon gidan, ƙofar shiga ita ce kudu, hannun dama na allo gabas, hagu kuma yamma. Akwai kuma wasu kayan da aka yi wa lakabin masu sa'a, waɗanda ke kawo ƙarin maki 777. A tsofaffin fitowar wasan tsarin nan yana taɓa abin da ɗan wasa ke samu na kuɗi da kaya, amma a wannan da ke hannun yaronka aikinsa ƙara lamba ne a wasiƙar Lahadi.

Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma Sakkwato ba ta rasa waɗanda za ka tuntuɓa ba. Abin da zan iya tabbatar maka ta fuskar wasan shi ne ƙarin da launukan nan ke kawowa ƙanƙane ne idan aka gwada shi da na zubi da na launin bai ɗaya, kuma yaro zai iya kaiwa darajar S bai taɓa bi ta kansa ba. Idan ka zauna da shi, ka sa ya buɗe wasiƙun makonni biyu a jere, ɗaya kafin ya matsar da kayan, ɗaya bayan ya matsar, ya ga da idonsa cewa wani ma'aikaci ne a Japan ya rubuta wa kwamfuta ta ƙara adadi kaza idan jan abu ya tsaya a wuri kaza. Daga nan sai ka yi masa bayanin inda rabo da arziki suke fitowa kamar yadda ka koya daga iyayenka, ka kuma nuna masa ya nemi makinsa ta hanyar haɗa kayan zubi ɗaya.