Ga ɗan'uwan da zai shiga Tanja da keke

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Asila yanzu, ka taso tun daga Agadir ta bakin teku, gwiwarka ta dama ta fara damunka, kana tambaya ko ana iya yawon Tanja, birnin da ke arewacin Maroko, a kan keke da kaya, kuma ko ka kama masauki a cikin tsohon gari. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin da irin wannan gajiyar na shiga garin, da irin wannan shawarar a raina, kuma ba na so abin da ya same ni ya same ka.

Hanyar Asila zuwa Tanja ba za ta ba ka wahala ba. Kimanin kilomita 45 ce a kan babbar hanyar N1, sai dai manyan motoci da iska. Wahalar tana jiranka a cikin gari. A jikin tuddai aka gina Tanja. Bakin ruwa ne kaɗai shimfiɗaɗɗe, daga tashar jirgin ruwa zuwa wajen Malabata, ban da nan kusan duk inda ka nufa hawa ne. Madina kuwa, wato tsohon garin, tun daga tashar take hawa har Kasba, tsohuwar ganuwar da ke can ƙololuwa, kuma lungunanta da yawa matakala ce zalla. Taswirar waya za ta nuna maka layi miƙaƙƙe ta ce minti kaɗan ne. Ba za ta nuna maka matakala ba.

Ni a can sama kusa da Kasba na kama ɗaki ta intanet. Na biya kafin alƙalami, na rubuta wa mai gidan ƙarara cewa da keke nake tafe, ya amsa da marhaban. Bayan la'asar na iso dandalin Grand Socco, na shiga ta ƙofar Bab Fahs ina tura keke. Da matakala ta fara, dole na riƙa kwance jakunkuna, in hau da su, in ajiye, in sauko in ɗauki keken a kafaɗa, ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa kada wani abu ya yi ƙafa. Haka na yi ta yi, gumi ya jiƙa ni sharkaf, gwiwata tana zafi. Ana kiran magariba na isa ƙofar.

Mutumin ya buɗe, ya dube ni tun daga kai har ƙafa, nan take fuskarsa ta canja. Ya ce gida ya cika. Na nuna masa saƙonsa a wayata, da shaidar kuɗin da na tura. Sai ya ce in kawo fasfo. Ya yi ta juya shi shafi bayan shafi, alhali ga hatimin shigowata ƙasar a fili. Daga nan ya tambaye ni, ko kunya babu, wai ko so nake in tsallaka Sifaniya da dare. Ɗan'uwa, mutumin da ya tuƙo keke tun daga kudancin Maroko, fatar hannunsa duk ta yi kanta, shi za a yi wa wannan tambaya? Daga ƙarshe ya ce to akwai ɗaki, amma keke a lungu zai kwana. Wallahi daga inda nake tsaye ina hango keken wani Bature jingine a tsakar gidan. Na nuna masa, ya ce wannan daban. Na ce mene ne bambancin? Bai amsa ba, ya miƙo mini fasfona da 'yan yatsu biyu ya ja ƙofa.

Kuɗin bai dawo ba har yau, amma ba kuɗin ne ke cina ba. Da sallama na zo masa, da Larabcin da na iya na yi masa magana, kiran sallar da yake ji shi nake ji, duk wannan bai sa ya gan ni a matsayin baƙo ba. Ko ruwa bai ce in sha ba. Har yanzu in na tuna yadda ya riƙe fasfon nan sai raina ya ɓaci. Na zauna a kan dakalin wani gida hawaye na zubo mini, ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan daren ba a duk tafiyar. Sannan ga saukowa cikin duhu da kaya, kuma ka san gangara ta fi hawa cin gwiwa.

Kada dai in ɗauki alhakin mutanen gari. Wani dattijo mai sayar da bisara, miyar wake da suke sha da burodi da man zaitun, shi ya tsayar da ni, ya zaunar da ni, ya zuba mini kwano ya ƙi karɓar kuɗi, ya sa yaronsa ya riƙe mini jaka har bakin titi. Allah ya saka masa da alheri. Irinsa suna da yawa a Tanja.

Don haka ka nemi masauki a ƙasa, a sabon gari, tsakanin bakin teku da tashar jirgin ƙasa, inda za ka tuƙa har ƙofa. Kafin ka biya ko dirhami ɗaya, ka tura musu hotonka tsaye da kekenka, fuskarka a fili, ka ce a ina wannan zai kwana. In suka yi ta kwana-kwana ka nemi wani wuri. Gara su ƙi ka kana Asila da su ƙi ka a bakin ƙofa da dare. Kada ka yarda keke ya kwana a waje ko da sarƙa da kwaɗo.

Fasfo kuma a jikinka, kullum, ba a cikin jaka a ɗaki ba. Ka san halin da ake ciki a arewacin Maroko. A inda mashigin teku na Jibraltar ya fi ƙunci kilomita 14 ne kawai tsakanin Afirka da Turai, 'yan'uwanmu baƙar fata da yawa suna zaune a unguwanni irin su Bukhalef suna jiran hanya, jami'an tsaro kuma ba su faye bambance mai yawo da mai shirin tsallakawa ba sai sun ga takarda. In sun tsayar da kai ka yi sallama, ka ba su, kada ka ɗaga murya. Kada kuma ka kafa tanti a dajin bakin teku kusa da gari ko a hanyar Sabta, garin da ke hannun Sifaniya a gaɓar Maroko. Na zauna da wasu samari a can, har da masu jin Hausa, labarinsu ya hana ni barci. Wannan magana ce ta wata rana.

Batun gwiwa, ka ba ta hutu na gaske. Madina da ƙafa ake yawonta, sannu a hankali, ka zauna a ƙaramin dandalin Petit Socco ka sha shayin na'ana'a in ka gaji. Ka duba tsayin sirdinka, in ya yi ƙasa gaban gwiwa ne ke biya. A hawa ka sauko giya tun kafin ƙafa ta yi nauyi, in ya ƙi ka sauka ka tura, babu wanda zai rage ka da komai. Robar birki kuwa ka canja ta yanzu. Gangaren garin nan ƙarshensa kan faɗa cikin shataletale cike da ƙananan tasi masu shuɗin fenti, ba sa jiran kowa.

In gwiwar ta lafa, akwai fita guda da ban yarda ka bari ba. Ka bar kaya a ɗaki, ka tashi bayan asuba ka nufi Kap Sipartel, kimanin kilomita 14 yamma da gari. Hawa ne sosai ta Jabal Kabir, wanda ya haura mita 300, amma cikin itatuwa ne, kuma keke babu kaya wani abu ne daban. A can akwai hasumiyar fitila da aka kunna tun 1864, wurin da ake cewa Atlantika da Bahar Rum suna haɗuwa. Ka gangara kudu kaɗan ka ga Kogon Harkil. Ka dai duba iska kafin ka fita. In iskar da suke kira sharƙi ta taso daga gabas za ta tura ka da daɗi a tafiya, a dawowa ta tsaya maka a ƙirji.

Da yamma ka taka zuwa gidan shayi na Kafe Hafa a unguwar Marshan, tun 1921 yake nan a gefen dutse, in sama ta washe za ka ga tuddan Sifaniya da idonka. Ka nemi kuma ɗan ƙaramin ginin da ake dangantawa da kabarin matafiyin nan Ibn Battuta a cikin Madina. A Tanja aka haife shi a 1304, ya bar ta a 1325 da niyyar aikin hajji, a 1353 kuma ya iso har Takedda, a ƙasar Nijar ta yau. Bayan wulakancin da aka yi mini na je wurin, na tsaya ina tunanin ɗan garin nan ya je ƙasashenmu an saukar da shi an ciyar da shi. Raina ya ƙara ɓaci da mai gidan nan, amma na ji ina da ikon tsayawa a garin kamar kowa.

Ba ka faɗi inda za ka nufa daga nan ba. In kana da bizar tsallakawa Sifaniya, ka lura tashoshin jirgin ruwa biyu ne. Ta cikin gari jirginta Tarifa yake zuwa, kimanin awa guda, kuma iska mai ƙarfi kan sa a soke shi. Tanja Med, mai zuwa Aljeziras, tana gabas da nisan sama da kilomita 40, hanyarta hawa da gangara ce tun daga farko har ƙarshe. Da wannan gwiwar kada ka yanki tikitin can. Ka faɗa mini wane irin birki ne a kekenka da kuma daidai inda gwiwar ke ciwo, gaba ko gefe, sai in san abin da zan ƙara maka. Allah ya kai ka lafiya.